Takardun Naɗe Nama da Kujerar Maman Akisi

Zuwa ga Innata Tsahara, a Madawa.

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da girmamawa, da fatan ciwon gwiwar nan ya yi sauƙi, Allah Ya ƙara lafiya. Mu nan Abijan kalau muke. Kawu Mika'ilu na nan da faɗansa, Salamatu kuma ta yaye Khalifa.

Inna, wani abu ya same ni, ina neman bakinki a ciki. Kin san a rumfar Kawu ta kasuwar Treichville da takarda muke naɗe gasasshen nama. Ni nake zuwa Adjamé in sayo tsofaffin littattafan lakwal, na makarantar boko, mu riƙa yaga. To, akwai wata tsohuwa 'yar ƙabilar Baule mai sayar da aceke, dambun rogon da ake ci a nan, Maman Akisi, ban haɗa komai da ita ba, ko addini. Kullum ta zo sai ta nuna shafin da take so, mai manyan baƙaƙe, ta ce kada in cika yaji a kansa. Na lura naman ba ya damunta, jikokinta take ba. Takardar take miƙarwa a cinya, ta goge maiƙon, ta ninke.

Abin ya yi ta cin raina, har na tambaye ta. Ta yi dariya, ta ce ajin manya ta shiga da furfurarta, don ta gaji da tare mutane a tasha su karanta mata inda mota za ta. Daga nan na fara ware mata shafukan a jere, labarin wani mai kamun kifi ne. Rannan ta nuna mini wata kalma in karanta mata, na kasa. Kin san aji biyu na yi a lakwal. Sai kawai ta ƙara mini aceke.

Da na kai mata sauran littafin dungum, ban yaga ba, sai ta ƙi karɓa. Ta ce sai dai in ɗauko mata shi zuwa aji da kaina, hannunta na ciwo. Inna, hannun nan tukunya yake ɗagawa.

Ni ma ina son in shiga, amma matsalar ita ce ajin bayan la'asar ne, lokacin ciniki. Kawu ya ce wuƙa ba ta buƙatar faransanci. Ban musa masa ba. Amma ke yayarsa ce, bai taɓa ƙetare maganarki ba. Don Allah ki kira shi. An ce mini Maman Akisi tana ajiye jakarta a kujerar kusa da ita, duk wanda ya zo zama ta ce mai wurin yana hanya.

Ki gaishe da Baba Abduljalil, da Tabawa, da Ni'ima.

Ɗanki mai jiran kiranki,
Kailu