Jirgin Juma'a na Wandoolin

Talata, 3 ga Agusta, 1954

Yau aka rantsar da ni. Ni Enid, matar manomin alkama, wai 'yar Majalisar Jiha mai wakiltar Wandoolin. Da kana raye, Merv, da ka yi dariya har ka ƙware. To amma da kana raye ai da ban zo ba.

Kujerarka suka ba ni, layi na uku a ɓangaren 'yan adawa. Ga tabon ƙuna a gefen teburin, inda kake ɓoye lofenka da wuta duk da an hana. Na ɗora yatsana a kai har aka tashi. Maza arba'in da tara, mace ɗaya. Ko banɗakin mata babu a wannan hawan, sai na sauka wajen masu buga tafireta.

Alhamis, 5 ga Agusta

Kowa magana yake yi mini ƙasa-ƙasa, sai ka ce a ɗakin majinyaci. "Sannu, Uwargida Carthew." "Ya ƙarin haƙuri?" Wata bakwai da rasuwarka, har yanzu gaisuwar mutuwa nake karɓa.

Mutum ɗaya ne ya bambanta, Dinny Mulqueeny na ɓangaren gwamnati, tsohon nan na garin masu haƙar zinariya da kake dawowa gida kana zagi. Ya tare ni a ɗakin cin abinci ya ce, "Ke ce kika ciyar da mai taurin kan nan shekara talatin? Allah ya ba ki lada, baiwar Allah. Ni shekara goma sha tara na yi da shi, duk faɗin Ostiraliya ban ga irinsa ba." Na ce masa ai kai ma ka ce tsakaninsa da jaki, jaki ya fi saurin gane magana. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ni ma na yi, ban san ta fito ba.

Juma'a, 6 ga Agusta

Gida, a jirgin ƙasa na Juma'a. Perce kwandasta ya cire hularsa ya gaishe ni, ya kai ni gurbin da kake zama.

Da muka iso gada direba ya busa. Shekara goma sha tara daga ɗakin girki nake jin wannan busar, in ɗora butar shayi, in sauke kofi biyu, minti goma sha biyu sai ga ka a ƙofar shinge da jakarka. Yau ni ce a cikin jirgin, babu mai ɗora buta. Na shiga na ɗora da kaina, kuma kofi biyu na sauke.

Laraba, 18 ga Agusta

Na gano ɗakin karatu na majalisa. Ashe duk kalmar da aka furta a zauren nan ana rubuta ta, a ɗinke a kundi, shekara-shekara. Na ɗauko na 1947. Ga ka nan! "Mista Carthew: Mai girma Minista bai taɓa ganin tunkiya ba sai a faranti." Da muryarka na ji shi, har da gyaran muryar nan. Kullum da rana can zan riƙa zuwa. Ina kewarka, mutumin nan, ina kewarka ƙwarai.

Talata, 7 ga Satumba

Abin da ake gudu ya zo. Ministan jiragen ƙasa ya kawo ƙudurin rufe ƙananan layuka huɗu, wai ba sa riba. Namu ne na uku. In aka rufe, alkamarmu sai a mota, mil sittin a hanyar da ko keken doki kuka yake yi a kanta. Mai ciwo kuma sai dai Allah.

Mista Lidstone, bulaliyar jam'iyyarmu mai tabbatar da kowa ya zo ƙuri'a, ya tara mu ya yi lissafi da yatsu. In an cire Kakaki, su ashirin da biyar ne, mu ashirin da huɗu. Amma in ɗayansu ya yi fashi aka yi kunnen doki, al'ada ita ce Kakaki ya bar abu yadda yake, ƙudurin ya faɗi. "Don haka," in ji shi, "daga yau ba wanda zai yi wa kowa zaman waje. Ko mura ta kama ɗayansu, rabonmu ne."

Zaman waje shi ne in larura ta hana wani zuwa, sai wani daga ɗaya ɓangaren ya yi alkawarin shi ma ba zai jefa ƙuri'a ba, don kada a ci ribar rashin lafiyar mutum. Ba doka ba ce, magana ce kawai tsakanin mutum da mutum.

Talata, 21 ga Satumba

Jawabina na farko. Da takardunka na yi shi, waɗanda na samu a aljihun tebur, kusan kalma da kalma. Sabon ɗan majalisa ba a katse shi, don haka tsit suka yi, ko tari babu.

Lidstone ya ce madalla. Dinny kuwa ya wuce ni a baranda ya ce, "Mun ji Merv yau, mun gode. Ke kuma yaushe za mu ji ki?" Tsohon banza. Abin ya tsaya mini a rai har yanzu.

Asabar, 2 ga Oktoba

Furanni sun rufe gefen layin dogo, alkama ta yi kyau bana. Ba wanda zan nuna wa.

Talata, 12 ga Oktoba

Na yi abin da ban yi shawara da kowa ba.

Dinny ya same ni ina shan shayi, hularsa a hannu, babu wasa a fuskarsa. Matarsa Kit ce, ciwon ya kai inda likita ya ce a mai da ita gida. Garinsu tafiyar awa goma sha takwas ne a jirgi. Bulaliyarsu ya ce ba zai sake shi ba sai ya samo mai yi masa zaman waje, Lidstone kuma ya hana. Ya ce, "Na bi mutum shida, 'yar'uwa. Ban so in zo wurinki ba, na san layinku na ciki."

Ban yi tunani ba, na miƙa masa hannu. Na ce je ka wurin matarka, har ka dawo ƙafata ba za ta shiga zaure lokacin ƙuri'a ba.

Lidstone ya yi ja kamar tumatir. "Uwargida, kin san abin da kika yi kuwa? Nan ba taron matan coci ba ne!" Na ce na sani, a taron matan coci ba a yi wa mace ihu.

A raina ina cewa ai ƙudurin sai ƙarshen Nuwamba, kafin nan ya dawo.

Alhamis, 4 ga Nuwamba

Sun matso da ranar ƙudurin. Talata, 16 ga wata. Dinny bai dawo ba.

Laraba, 10 ga Nuwamba

Lidstone ya kira ni ofishinsa, ya rufe ƙofa, har da zuba mini shayi da hannunsa. Ya ce abin ai mai sauƙi ne. Kada in gaya wa kowa, don in suka ji za su buga wa Dinny waya ya taso, mu faɗi duk da haka. In yi shiru kawai, ranar Talata in an kaɗa ƙararrawar ƙuri'a in shigo kafin a kulle ƙofa. Ashirin da huɗu, ashirin da huɗu, layinmu ya tsira.

"Merv fa ya yi shekara goma yana kare layin nan," in ji shi. "Ki yi don shi."

Na tsani mutumin nan, kuma lissafinsa daidai ne.

Alhamis, 11 ga Nuwamba

Na je ɗakin karatu neman ka. Kundin bara na ɗauko, wanda nake gudu tun farko, don na san babu maganarka a ƙarshensa. Ashe sunanka na nan. A ƙarƙashin kowace ƙuri'a, bayan masu "e" da masu "a'a", akwai ɗan layi na masu zaman waje. Carthew, Mulqueeny. Na juya shafi. Carthew, Mulqueeny. Tun daga Oktoba har aka tashi, mako goma sha ɗaya.

Makonnin nan ne da kake kwance a baranda ina yanke maka farce, kana ƙorafin miyata ba gishiri. Ni a zatona majalisa ce ta ba ka hutu. Ashe wani ne yake tsaye a bayan ƙofa duk lokacin da aka kaɗa ƙararrawa. Ba ka taɓa gaya mini ba, shi ma bai taɓa ba.

Na yi kuka a kan littafin gwamnati. Mai kula da ɗakin ya yi kamar bai gani ba.

Asabar, 13 ga Nuwamba

Taro a zauren gari, ya cika maƙil, maza da ƙurar girbi a wuyansu. Labarin alkawarina ya riga ni isowa, na san Lidstone ne ya aiko shi. Noreen Haddrick, wadda muka yi renon 'ya'ya tare, ta miƙe ta ce, "Enid, mu muka zaɓe ki ko masu haƙar zinariya? Ranar da Colin ɗina ya faɗo daga tarakta, jirgin nan ne ya kai shi asibiti. Gobe alkawarinki ne zai kai wani?"

Gaskiya ta faɗa.

Lahadi, 14 ga Nuwamba

Bayan coci na je kabarinka. Na tambaye ka sau uku. Kai da ba ka iya shiru ba, yau ka iya.

Talata, 16 ga Nuwamba

Ƙarfe biyar saura kwata aka kaɗa ƙararrawa. Minti biyu take yi. Ban taɓa sanin minti biyu na da tsawo haka ba.

Ina tsaye a baranda, taku huɗu tsakanina da ƙofa. Maza na wuce ni da gudu, wani da tsokar nama a baki. Lidstone ya tsaya a bakin ƙofa yana kallona, ya miƙo mini hannu. Na ga Noreen, na ga Perce, na ji busar nan ta gada a kunnena. Ƙafata ta dama har ta ɗaga, wannan ba zan ɓoye wa littafin nan ba. Sai na tuna wata mata da ban taɓa gani ba, kwance a wata baranda, da tsoho yana yanke mata farce.

Aka kulle ƙofa. Su ashirin da huɗu, mu ashirin da uku. Ran 31 ga Disamba za a rufe layin.

Ni na rufe shi. Ba Minista ba, ni.

Juma'a, 19 ga Nuwamba

Perce ya karɓi tikitina, ya huda, ya miƙo mini. Hularsa na kansa. A gari Noreen ta hango ni ta tsallaka titi.

Talata, 23 ga Nuwamba

Wayar tangarahu daga Dinny, kalma bakwai: "Kit ta tafi Lahadi. Ina riƙe hannunta."

Talata, 7 ga Disamba

Ya dawo, kwat ɗinsa ya yi masa yawa. Ban yi masa magana ƙasa-ƙasa ba, na san ɗacinta.

Da rana na miƙe a zaure, ba takarda a hannuna. Na ce tunda an rufe mana layi, to kada a cire ƙarafan dogon, kuma a zuba wa hanyarmu kwalta kafin girbin baɗi. Kamar kullum suka yi tsit irin na ladabi. Ina cikin bayanin ramukan hanyar sai na ji wata murya daga can ɓangaren: "Uwargida ta taɓa tuƙa mota kuwa, ko labari ake ba ta?"

Dinny! Kwana goma sha shida da rasuwar matarsa. Jini ya hau mini ka, na ce, "Na tuƙa motar alkama shekara shida lokacin yaƙi, sa'ad da mai girma wakilin ke nan yana tuƙa cokali." Zaure ya ɗauka, har da buga tebur, Kakaki na ta kiran a natsu. Wani ya sake jefo magana, na mayar masa. Minti ashirin na yi, ban san sun wuce ba.

Minista ya ce zai duba. Na san "zan duba" ɗinsu, amma zai gaji da ganina.

Alhamis, 9 ga Disamba

An tashi sai baɗi. Na leƙa ɗakin karatu in ga ko sun rubuta maganar cokali daidai. Sun rubuta. Sai da na kai tasha na tuna ban ɗauko kundin maganarka ba.

Juma'a, 31 ga Disamba

Jirgin ƙarshe. Duk gari sun tafi tasha, ni ban je ba, ba na son in ɓata musu bankwana. Noreen har yau ba ta yi mini magana, wataƙila ba za ta ƙara ba.

Na zauna a ɗakin girki ina rubuta wa Minista wasiƙa ta huɗu a kan hanya, ga tambayoyi tara da na shirya masa na zama mai zuwa. Lidstone ya ce in na sake tsayawa ƙuri'ata kaɗai zan samu. Na ce to, ɗaya ma ai na ga abin da take yi.

Da jirgin ya iso gada direba ya busa, ya ja ta da tsawo, ya sake, ya sake. Na ajiye alƙalami na saurara har ta mutu. Ta yi mini ciwo, Merv, ba zan ce ba ta yi ba. Na tashi na ɗora buta, na duba agogo, minti goma sha biyu suka cika, ƙofar shinge ba ta motsa ba.

Na sha shayina na koma kan wasiƙar. Sai da na zo wanke-wanke na ga kofi ɗaya ne a kan tebur.