Baba, Na Rufe Gilashi Cikin Hazo

Zuwa ga mahaifina, marigayi Malam Modu Direba.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa irin ta 'ya ga uba, ina fata kana cikin rahamar Ubangiji.

Baba, yau na kasa zama wuri ɗaya. Na shiga ɗaki na fito ya fi a ƙirga. Shayin da Inna ta haɗa mini yana nan ya huce.

Ka tuna lokacin da kake koya mini tuƙi a lungunan Fagge da tsohuwar motarka ta ɗaukar kaya? Ranar da hazo ya sauka bayan ruwan asuba, ka ce, "Falmata, sauke gilashi, kashe rediyo, rage fitila. Abin da ido bai gani ba a Kano, kunne zai ji." Na yi dariya na ce tsufa ne ya kama ka, motocin yanzu sanyinsu a ciki yake. Ka harare ni, ka sauke naka gilashin.

Yau da safe irin wannan hazon ya sauko. Na makara zuwa aiki. Na rufe gilashi ruf, na kunna babbar fitila, sai gabana ya ƙara yin fari fat. A mahaɗar Bata, 'yan adaidaita suna kutsowa ta ko'ina, ni kuma ina sauri.

Ashe mutane suna ta yi mini ihu. Ban ji ba, Baba. Wallahi ban ji komai ba, sai ƙarar ƙarfe.

Wani dattijo ne, Malam Sale, yana turo baro cike da katan-katan daga kasuwar Singa. Na buge shi a ƙafa.

Jama'a suka yi caa a kaina. Oga Emeka, mai sayar da kayan mota a Sabon Gari, wanda kake sayen birki a wurinsa, shi ya gane ni. Ya ratsa taron yana cewa wannan 'yar Modu ce, a bar faɗa a ɗauki mutum tukuna. Shi ya tuƙa mu zuwa asibiti. Da na ji sunanka a bakinsa, kunya ta fi tsoro kama ni.

Malam Sale bai zage ni ba. Da ya zage ni da na fi samun sauƙi. Abu ɗaya yake ta tambayar likita: yaushe zai iya tura baro? Da ƙafar nan yake ciyar da gidansa. An ɗauki hoton ƙashin, sun ce sai gobe za su faɗi ko zai sake takawa daidai.

Kullum bayan salla kai kaɗai nake wa addu'a. Ka yi haƙuri, Baba, yau da shi na fara. Allah Ya tashi kafaɗar Malam Sale, Ya mayar da shi kan ƙafafunsa. Kai kuma Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka.

'Yarka mai taurin kai,
Falmata.