Dalma a Tukunyar Inna

Fatakwal

Zuwa ga ƙanena Tasi'u,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya Inna da ƙafarta, ya Atika da yara, ya mutanen Gude?

Gwangwanin giris ɗin inji da ka haɗa ka ba direba ya iso. Na saba ba a tunawa da ni sai da buƙata, yau kam ka ba ni kunya. Gaskiya hannunka ya faɗa. Abin da na nuna maka da salla, a dafa kitse da farar ƙasa, shi muke yi a kamfanin nan da ya cinye min ƙuruciya. Sabulun ƙarfe muke ce masa. Ba ya kumfa, ba ya wanki, aikinsa giris da fenti da roba.

Sai dai naka ya yi nauyi a hannu, kalarsa kuma ba ta kwanta min ba. Me ka ƙara? A cikin me kake dafawa?

Ka gaida Inna.
Yayanka, Zulkifli

Gude

Yaya Zulkifli,

Wa alaikumus salam. Kowa lafiya, Inna na sa maka albarka.

Kai Yaya, ba a ɓoye maka komai! Garin cikin tsohon batirin mota nake zubawa, wani mai gyaran inji a kasuwar Gwarzo ya nuna min. Masu injin niƙa daga Dugabau har Kabo rububinsa suke. Tukunya kuwa, wace ce za ta ɗauki kitsen sa in ba babbar tukunyar bikin Inna ba? Kada ka damu, Atika na wanke ta tas da toka da soso. Jiya ma aka zo aronta daga Masanawa, sunan jikan Malam Bashari ran Juma'a. Ka san Inna, ba a taɓa zuwa aro ta ce a'a ba.

Ƙanenka, Tasi'u

Fatakwal

Tasi'u,

Assalamu alaikum. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na buga waya har na gaji ba ta shiga, shi ya sa na bi direba tasha.

Garin nan dalma ce. Dalma, Tasi'u! A tukunyar da rabin ƙauyukanmu ke cin abincinta! In ta dahu da kitse, abin da take zama, ruwa ba ya narkar da shi, ko Atika ta wuni tana dirza. Yana nan maƙale a jikin tukunya, sai mai da zafi da tsamin tumatir su fito da shi cikin miya. Mu nan da takunkumi da safar hannu muke taɓa shi, duk da haka akwai abokin aikina da hannunsa ke rawa har yau. Babba ya ɗan jure. Yaro kuwa ƙwaƙwalwa take ci, shiru, ba zazzaɓi ba ƙurji.

Ban ce mugunta ka yi ba. Ba ka sani ba, mai gyaran ma na tabbata bai sani ba. To yanzu ka sani. Ka je ka karɓo tukunyar. Na san ba a karɓe aro kafin a tashi biki, za a zage ka, a zagi gidanmu. A zaga ɗin.

Allah ya tsare.
Zulkifli

Gude

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarka ta same ni safiyar Juma'a. Na ruga Masanawa, na tarar miya na tafasa, na kifar da ita a gaban mata, na huda tukunyar da gatari. Ba wanda ya ci. Malam Bashari bai amsa sallamata ba, Inna ta daina yi min magana.

Amma Yaya, tun bayan girbi nake dafa giris a cikinta ana kuma aronta, kuma ka san ba a mayar da tukunya wayam, da ƙanzo ake dawo da ita. 'Yata Zinnira ce ke kankarewa ta cinye.

Gobe zan kai ta asibiti a Gwarzo. Me zan ce su auna?

Ƙanenka, Tasi'u