Shafi na Huɗu na Rahoton Baiwa

Talata, 25 ga Yuni

"Gwajin nan don mu san yadda za mu taimaka mata ne kawai. Ba wanda zai ga sakamakon sai ni da ke, kuma ba zai taɓa kujerarta a aji ba." Maganar Madam Angela ke nan, shugabar makarantar su Baiwa, ranar da ta miƙo min biro na sa hannu. Har da dafa ƙirji. Tun watan Mayu na rubuta ta a littafin nan, yanzu na buɗe baya na kwafo.

Yau yarinyar ta dawo da ambulan a jaka. Rahoton gwaji mai shafi shida, da wasiƙa mai layi huɗu. Wasiƙar ta ce makarantar ba ta da kayan kula da "irin wannan yarinya", don haka idan aka rufe zango ranar 19 ga Yuli, kada ta dawo a Satumba.

Irin wannan yarinya. Shekararta tara. A Inugu aka haife ta, tun daga naziri, ajin ƙananan yara, take makarantar nan.

A tsaye na karanta, ko hijabi ban cire ba.

Laraba, 26 ga Yuni

Sau uku na bi rahoton. Shekara takwas na yi ina koyar da Turanci a Kano kafin in taho, ba na bukatar a fassara min zagi.

Shafi na biyu: wai ba ta haɗa ido da mai yi mata magana. Wai da mai gwajin ta shigo sai ta durƙusa a ƙasa "ba tare da dalili ba". Wai an kira sunanta sau uku ba ta amsa ba.

Ni na koya mata kada ta tsura wa babba ido. Ni na koya mata durƙuso. Sunan kuwa, Halimatus Sa'adiya sunan surukata ne, ba wanda ya taɓa furta shi a gidan nan, a aji ma Baiwa suke ce mata. Mai gwajin ta duba rajista ta yi ta kiran "Halimatus", yarinyar tana zaune tana jiran a zo kanta.

Shafi na uku kuma ni ce. Uwar ba ta ambaci sunan 'yarta ko sau ɗaya ba a hirar minti arba'in. Ba ta taɓa ta ba, ba ta dube ta ba. Da aka ce ta faɗi abin da take alfahari da shi game da yarinyar, ta yi shiru ta kawar da kai. Kammalawa: alamun rashin shaƙuwa tsakanin uwa da 'ya.

'Yar fari ce. In yabi 'yar fari a gaban baƙuwa, tana zaune tana ji? Shekara goma sha ɗaya na yi ina jiran ta, abin da na sha a asibitoci Allah kaɗai ya sani. Innarmu har ta rasu ba ta taɓa kiran sunan yayanmu ba, kuma ita ta yi wata biyu a kan tabarma a bakin gadonsa da ya yi hatsari. Ni ma a takarda kawai hannuna yake iya rubuta Baiwa.

Vanessa sunan mai gwajin. Matashiya, mai fara'a, har ruwan gora ta ba ni. Ashe ƙirga ni take yi.

Alhamis, 27 ga Yuni

Maigida ya dawo daga kasuwar Ogbete, na karanta masa. Ya ce a yi haƙuri, makarantu sun yi yawa, in ma ta kama a kai ta Kano wajen ƙanwarsa. Kada in tayar da rigima, mu baƙi ne a garin nan.

Shekara ashirin da biyu yana sayar musu da wake, yana ciniki da Inyamuranci kamar ɗan gari, har yau baƙo. Na ce masa duk makarantar da za mu je sai ta tambayi dalilin barin waccan, kuma takardar nan za ta riga mu isa. Maganar Kano kuwa, na ce ya sake ɗauko ta ya gani.

Ya ce ruwan wankansa ya huce.

Juma'a, 28 ga Yuni

Awa ɗaya da rabi na yi a benci kafin Madam Angela ta ga dama. Na maimaita mata alkawarinta kalma bayan kalma. Ta ce ita ba ta nuna wa kowa ba sai hukumar makaranta. Da malamar aji. Da mataimakiyarta, saboda fayil.

Na zauna na yi mata bayanin durƙuso, da sunan suruka, da kunyar ɗan fari, kamar ina koyar da 'yan aji ɗaya. Ta ce al'adarmu tana da ban sha'awa ƙwarai. Sannan: "Madam, no vex, na professional write am." Na tambaye ta ko a cikin ƙwararrun an samu wanda ya tambayi Bahaushe ɗaya tak. Ga mai gadinsu can a ƙofa, ɗan Hadeja ne, da an ba shi shafi na biyu da ya warware musu a minti biyu.

Da zan fita na leƙa ajin su Baiwa ta taga. An mayar da ita bencin ƙarshe, kusa da tsintsiya. Tun Talatar makon jiya, in ji malamar. Yarinyar ba ta faɗa min ba.

Asabar, 29 ga Yuni

Taliya kawai na dafa. Ramlatu, ƙanwar Baiwa, ta ce gishiri ya yi yawa, kuma ta yi gaskiya.

Lahadi, 30 ga Yuni

Dina ta shigo bayan coci. Maƙwabciyata ce, 'yar Kagoro, nas. Na ba ta rahoton don in samu mai taya ni zagi. Ta yi dariya a shafi na biyu har da hawaye, ta ce su ma da suna yara wa ya isa ya kalli babba a ido. A shafi na uku ta ja tsaki. Da ta kai na huɗu sai ta daina, ta gyara gilashi.

Shafi na huɗu lambobi ne. Abin da yarinyar ta ji da kunne tana riƙe shi fiye da 'yan shekara goma sha biyu. Kalmomin da ba ta taɓa ji ba, in an ba ta a rubuce, karatun 'yar shekara shida take yi.

Na ce wadda ba ta san durƙuso ba ai lissafinta ma abin a duba ne.

"Maman Baiwa, durƙuso bai shigo nan ba. Takarda aka miƙa mata aka ce karanta."

Na ce saba'in cikin ɗari take ci a karatu, izu uku ta haddace a Islamiyya. Dina ta tambayi wa yake zama da ita in tana aikin gida. Na ce Ramlatu ce ƙarama, ita nake zaunarwa a gabana, waccan a ɗaki take nata. Ta kalle ni kawai. Na ce mata girkina zai ƙone, alhali ko wuta ban kunna ba.

Litinin, 1 ga Yuli

Gari shiru kamar kowace Litinin, ranar zaman gida na dole a yankin nan, yara ba su fita ba.

Don in ƙaryata Dina na yi. Akwai katin ɗaurin aure da aka aiko daga Onitsha, da Turanci, ba wanda ya karanta shi a gabanta. Na ce, ke, ban ga gilashina ba, zo ki karanta min.

Ta karɓa da hannu biyu. Leɓenta yana motsi, ba sauti. Ta faɗi kalmar farko daidai. Ta biyu ta ƙirƙiro. Ta dubi hoton zobe a jikin katin ta ce "aure". Sai ta waiga wajen ƙofa.

"Umma, bari Ramlatu ta fara."

A hankali na ciro sauran zancen daga bakinta. Ramlatu, 'yar shekara bakwai, ita take karanta mata kowane shafi sau ɗaya a ɗaki, ita kuma ta haddace, gobe ta tashi a aji ta biya tana bin layi da yatsa. Kafin Ramlatu ta iya, malama take saurare, da waɗanda ake kira kafin ita. Ta ce haruffan ba sa tsayawa waje ɗaya. Ta ce ta ɗauka kowa haka yake gani, su dai sun fi ta ƙoƙari.

Na tambaye ta me ya hana ta faɗa min. Ta sunkuyar da kai, yadda na koya mata.

Talata, 2 ga Yuli

Shekara takwas ina gano matsalar karatun 'ya'yan mutane daga layin farko. Tawa kuma bango ɗaya ne tsakaninmu.

Laraba, 3 ga Yuli

Na kira lambar da ke ƙasan rahoton. Na yi wa Vanessa tas, ba ta katse ni ba. Da ta ce ita abin da ta gani ta rubuta, na ce ta rubuta abin da ta gani, ta kuma ƙara da abin da ta zata, ta buga hatimi a kan duka biyun. Sannan ta ce ba ta san akwai uwar da ba ta kiran sunan ɗanta don kunya ba, ba a koya musu ba. Za ta sake ɓangaren ɗabi'a da mai jin Hausa a zaune, in makaranta ta nema a rubuce.

Maganar kora kuwa ba ta ma san da ita ba. Ta ce in duba shafi na shida: darasin karatu na musamman sau uku a mako, a bar ta a ajinta, a zaunar da ita a gaba. Na duba. Yana nan. Sau uku na wuce ta kansa idona a rufe da fushi. Madam Angela fa, ita me ya rufe nata?

Alhamis, 4 ga Yuli

Bayan la'asar na yanka kwalin madara na rubuta haruffa manya-manya, kamar yadda Dina ta ce ta ga ana yi. Minti ashirin kawai, ba wani abu ba ne. A tabarma ɗaya muka zauna, ta rasa inda za ta sa ƙafarta, ni ma haka. Ta samu biyar cikin takwas. Na ce madalla. Ta ɗago ta dube ni, ban hana ta ba.

Na kai wasiƙata ofis da kaina, na sa sakatariya ta sa hannu a kwafina. Na nemi a janye takardar kora, a mayar da ita bencin gaba, a rubuta wa Vanessa ta sake shafi na biyu da na uku. Ban ce komai a kan na huɗu ba. A bar shi yadda yake.

Na ba Madam Angela zuwa Juma'a 12 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana. In ta wuce ban ga amsa a rubuce ba, ranar Asabar akwai taron iyaye da malamai. Zan tashi a gaban kowa in karanta alkawarinta, in karanta shafi na shida, in karanta wasiƙarta mai layi huɗu, in bar iyaye su haɗa da kansu. Ranar Talata kuma in hau keke zuwa ma'aikatar ilimi da kwafi uku.

Kuma a taron dole in faɗi sunan yarinyar da nake nufi da bakina. Zan faɗa.