An ba ni tsintsiya, Verna

Verna,

Na fita ban tashe ki ba, don ba na son mu haɗa ido da safen nan.

Jiya da aka tashi aiki, helma Kowalczyk, shugaban aikinmu, ya tare ni a bakin ƙofa. Ya ce, "Tsoho, 'yarka ta ce kunnenka ya mutu, kai ka lalata ƙusoshin fiffiken nan. Daga gobe tsintsiya za ka riƙe." A gaban mutane ya faɗa, har da masu dariya.

Tun da muka zo masana'antar jiragen saman nan kina waje da bindigar ƙusa, ni ina duƙe a cikin fiffike ina tokare miki bayan ƙusar da ƙarfe. Kin san ƙa'ida, in na ƙwanƙwasa sau biyu ƙusa ta zauna, ki tsaya. Na ƙwanƙwasa, Verna, kin kuma ji, amma ba ki tsaya ba. Sauri kike yi ki riga abokan aikinki su Opal gamawa.

Sharar zan yi, ba ta kashe kowa. Amma kaɗan daga ɓarnar mai duba aiki ya gani. Layin ƙusoshin da ke kusa da tankin mai duk ya tsage, daga ciki na gani. In ni na faɗa, za a ce kurma ne ke huce haushi. Ɗan wani ne zai ɗauki jirgin nan da bama-bamai ya haye teku, kamar yayanki Delbert.

Ki je da bakinki ki faɗa wa mai duba aiki kafin a rufe fiffiken yau. In kin kasa, kada ki ajiye mini abinci.

Babanki