Tuluna Uku a Bakin Taga

Alƙahira, ranar Asabar

Zuwa ga 'yata Nagwa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya ke da mijinki da yara. Ya tarin Karim? Ni da sauƙi, sai dai gwiwa.

Saƙonki ya iso, cewa tunda na fita takaba in rufe gida in koma wajenku Iskandariyya. Har na ɗaure kaya. Amma bari ki ji.

Kin tuna bangon nan na kwanar mai guga, mai ƙatuwar tagar ƙarfe da ta yi kore? Shekara talatin da ɗaya ina wuce shi da kwandon cefane, na ɗauka tsohon shago ne da aka rufe. Ran Talata na jingina da shi in huta, sai na ga tuluna uku a bakin tagar, busassu, duk ƙura. Ammu Shahata mai guga ya leƙo, kumatunsa cike da ruwan da yake fesa wa riguna. Da ya fesar, ya ce tun da Abu Nagwa ya kwanta ciwo ba wanda ya sake cika su. Ashe fitar nan da babanki yake yi bayan asuba, wadda nake masa faɗa ina cewa teburin mai gahawa ya fi ni daraja, nan yake zuwa.

Shahata ya ce wurin shan ruwa ne na sadaka. Wata mata ce ta gina shi tun ana kawo ruwan Nilu a salka bisa raƙuma, don ladan ya kai wa mijinta. Sunanta na nan a dutsen sama. Na ɗaga kai har wuyana ya ƙage, rubutun ya nannaɗe kamar reshen inabi, alif kawai na gane. Amma ina tsaye na ji sanyi na fitowa ta tagar, kamar matar tana ciki har yanzu, tana miƙo kofi.

Tulu ɗaya ya tsage, na sayo sabo na cika shi nan take. Shahata ya kurɓa ya tofar. "Haba Ummu Nagwa, laka za ki shayar da mu? Sabon tulu sai ya kwana uku a jiƙe. Mijinki har na'ana'a yake zuba mana a farantin da ke ƙarƙashin tulunan." Na yi dariya, ta farko tun rasuwar, sannan na jiƙa rigunan mutane da kuka.

Jiya wani mai kai burodi ya tsayar da kekensa ya sha, ya ce Allah ya ji ƙan wanda aka yi domin shi. Shi bai san kowa ba. Ni na ce amin sau biyu, don mijin matar nan da kuma nawa.

Ki yi haƙuri, 'yata, na kwance kayan. Ki kawo yara lokacin zafi, ruwan ya fi daɗi.

Ki gaida mijinki.

Mamanki,
Tahiyya