Wa Zai Fara Sakin Guga

Zuwa ga Yayata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da maigidan da yara. Yaya idon Inna? Allah ya sa tana ɗiga maganin, ba ɓoye shi take yi a ƙarƙashin matashi ba.

Yaya, ki zauna kafin ki karanta. Sunan Inna ba ya cikin waɗanda likitan ido zai yi wa aiki. Na san a gabanki ma'aikaciyar tagar rajista ta shigar da shi. Ni ma da na duba rumbun bayanan asibitin nan, wanda kula da shi ne aikina, sai na tarar babu shi. Likitan kuma baƙo ne, ƙarshen wata zai koma, kin kuwa ji abin da ya ce game da idon dama idan aka ƙara jinkiri.

Kin tuna mu a bakin rijiya, ke kin riƙe igiya, ni na rungume guga, kowa na jira ɗaya ta saki? Abin da ya faru ke nan. Duk mai aikin tiyata sai an kama masa abu biyu, gado da lokacin ɗakin tiyata. Manhajar kwamfutar taga, wadda ni na rubuta, gado take fara kullewa don kada wani ya taɓa, sannan ta nemi lokaci. Ta ɗakin tiyata kuwa, wadda abokin aikina Mai Gemu ya rubuta, lokaci take fara kullewa sannan ta nemi gado. In suka haɗu a kan gado ɗaya da lokaci ɗaya sai su yi cirko-cirko. Rumbun ba ya shari'a. Ɗaya yake zaɓa ya soke aikinta gaba ɗaya, ɗayar ta wuce. Ranar, na Inna ya soke. Ma'aikaciyar ta ga allo ya tsaya ya dawo, ta ɗauka sunan ya shiga.

Kada ki gaya wa Inna tukuna. Ki gaida kowa.

Ƙanwarki,
Auta

Yaya,

Bayan gaisuwa, ya gida, ya jikin Inna? Na ga saƙonki, kuma faɗan ya iso har da ragowa.

Kin ce in cusa sunanta da hannuna tunda ni ce da mabuɗi. Kowane lokaci yanzu yana da mai shi. In na saka Inna, uwar wani na cire. Ba zan iya ba.

Gyaran ba wuya gare shi ba: manhajojin biyu su riƙa kullewa a jeri ɗaya, ko gado tukuna ko lokaci tukuna, shi ke nan. Amma wa zai sauya tasa? Mai Gemu ya ce ai kowa ya san lokacin likita ya fi gado tsada. Ni kuma tawa ta riga tasa zuwa, shi ya zo ya tarar. Shugabarmu tana duba waɗanda za a sabunta wa aiki, kuma duk wanda ya sauya, kamar ya ɗaga hannu ne ya ce laifin nasa ne. Teburinmu na fuskantar juna, fanka ɗaya ke mana fifita, amma ko gaisuwa sai ta hanci. Shi yana shafa gemu, ni ina cin bakin biro.

Jiya an buɗe ƙarin lokuta kaɗan na ranar ƙarshe ta aikin likitan, gobe za a fara rabawa. Taga za ta cika, ɗakin tiyata ma na shigar da nasu. Tsoro nake ji, Yaya. Ko an sake shigar da Inna, rumbun zai iya sake zaɓenta ya soke.

Ki ci gaba da addu'a.

Taki,
Auta

Yayata,

Ina gaisuwa, da fatan kun tashi lafiya.

Na sauya tawa. Da safe na je kallon layin taga, na ga wani dattijo riƙe da hannun matarsa, ita ma idonta a rufe da auduga, sai na ji kunyar kaina. Na koma na mayar da lokaci farko, gado daga baya, irin na Mai Gemu. Na rubuta wa shugaba cewa ni na taɓa, ta fassara yadda ta ga dama. Mai Gemu ya jawo kujera muka gwada tare. Har aka rufe taga ba a soke aikin kowa ba.

An sake shigar da Inna a taga, ta samu, amma ita ce ta ƙarshe a ranar ƙarshe. In aikin wani ya ja, ban san abin da zai faru ba, don haka hankalina bai kwanta ba. Maganar aikina kuma shugaba ta ce in same ta bayan an gama.

Ki kawo Inna da wuri, kada ta ci komai. Kin tuna kullum ni Inna take daka wa duka in saki gugan, wai ƙarama ce ke saki? Ki gaya mata wannan karon ban jira dukan ba.

Ƙanwarki mai ƙaunarki,
Auta